Kwanon Masa a Ƙofar Alƙali Dogo

Isa, ranar Laraba bayan la'asar.

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata, autata Rukayya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin huta gajiyar hanya. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Tun da motarku ta bar tasha shekaranjiya ban iya sa komai a bakina ba, sai da kinka bugo waya kinka ce kun shiga Sakkwato. Kin san yadda hanyar nan tamu ta koma, wanda ya hau ta da waɗanda ya bari gida duk ba su da sukuni har sai ya sauka. Da na aje wayar na yi sujada, na tashi na dama fura na sha ta duka. Allah ya ƙara tsare ki a sauran tafiyar, ya kai ki Amurka lafiya, ya sa wa karatun nan na shari'a albarka.

Yayanki zai riske ki Abuja kafin jirginku ya tashi, shi za ni ba wagga takarda. Da baki na so in yi maki maganar, amma gida ya cika da 'yan sallama, ke kuma kina fama da haɗa kaya. Kuma akwai abin da bai faru ba sai jiya. Alƙali Dogo, wanda kinka yi ta bincike har kinka samo lambar jikarsa kinka ba ta tawa, ya kira ni. Za ni zo kan wannan. Bari in faro daga farko, don ke sunansa da tarihin aikinsa kawai kinka sani, sai hotonsa da ke ɗakin marigayi babanku.

Lokacin da gwamnati ta tura babanku Amurka ƙaro karatun likitan dabbobi, ina da cikin yayanku babba. Ban taɓa wuce Sakkwato ba. Turancina na makarantar horon malamai ne, wanda ake rubutawa a allo, ba wanda ke fitowa daga bakin mutane da gudu ba. Garin da munka sauka ƙarami ne, na manoman masara da masu shanu. Munka kama hayar ƙasan wani gida, mai gidan da matarsa suna sama. Shi ne Dogo. Babanku ya raɗa mashi sunan don sai ya sunkuya yake shiga ƙofarmu, da anka fassara mashi ya yi dariya ya karɓa. A lokacin lauya ne, ofishinsa ɗaki ɗaya a saman shagon mai takalma. Ɗan manomi ne. Ya taɓa gaya mani ubansa ya rasa gonarsa a kotu don ba shi da mai tsaya mashi, abin da ya tura shi karatun shari'a ke nan. Masu zuwa wurinsa ƙananan manoma ne da leburori da matan da mazansu sunka mutu. Matarsa malamar makaranta ce, ita ta koya mani yadda ake shirya jariri a lokacin sanyi.

Kin sha jin labarin ragon suna a bakin babanku, yana bayarwa yana dariya har da hawaye. Ni ranar ban yi dariya ba. Ya sayo rago wurin wani manomi, sunka yanka da safe a bayan gida shi da abokansa ɗalibai. Wani maƙwabci ya leƙo ya ga jini kan ƙanƙara, ya kira 'yan sanda. Kafin su iso, mazan sun tafi ɗauko liman, saura ni kaɗai, mai jego da ba ta da inna ba ta da gwaggo, ina wanke kayan ciki. Ɗan sandan ya yi ta jero tambayoyi, ni kuwa duk abin da ya faɗa sai in ce e. Ashe cikin tambayoyin har da ko mun saba yanka dabbobi a nan, da ko muna sayar wa mutane nama. Haka ya rubuta ya tafi. Laifin da bai kai komai ba ya zama wanda zai iya taɓa takardun zaman babanku.

Dogo ya sauko ya zauna kan dardumarmu, ƙafafunsa sun kusa cika ɗakin. Ya ce, "Hauwa, da ya tambaye ki ko kuna sayar da nama, mi kinka ji?"

Na ce, "Na ji nama."

"Shi ne kinka ce e?"

Na ce, "Babban mutum ne da kaki, yana tsaye ƙofata. Mi za ni ce mashi?"

Bai yi dariya ba. Ya ce duk ranar da ban gane magana ba in ce ban gane ba, ko gaban wa nike, wannan ba rashin kunya ba ne. Ya je kotu ya bayyana wa alƙali mi ake nufi da suna a wurinmu, anka soke maganar sayar da nama, anka yi mana 'yar tara a kan yankan, shi ke nan.

To Rukayya, ke Turancinki ya fi nawa nesa ba kusa ba, amma za ki zauna ajin da kowa zai gyaɗa kai, ke ba ki kama abin da malami ya ce ba. Ɗaga hannu ki tambaya. Kada ki sa hannu kan takardar gidan haya ko ta wani aiki don kawai mai miƙo ta yana tsaye yana jira. In kuma kin dawo, wata tsohuwa daga Tsamaye ta zauna gabanki kina yi mata bayanin shari'arta tana cewa "to, to," ki tuna ni. Wannan "to" ɗin ladabi ne, ba ganewa ba. Ki sa ta maimaita maki da bakinta.

Mun daɗe a can, don babanku ya zarce da karatu har digirin ƙarshe. A gabanmu Dogo ya tsaya takarar majalisar dokokin jiharsu. Babu gangami irin namu, ƙofa-ƙofa yake bi yana ƙwanƙwasawa, wasu su saurare shi, wasu su rufe ƙofa a fuskarsa. Ni ba ni da ƙuri'a, sai nike toya ƙosai ina hawa da shi sama wa masu naɗe mashi takardu. Ya ci zaɓe, munka yi murna kamar ɗan gidanmu. Daga baya wani kamfani ya zo zai datse kogin yankin, ruwa zai ci ƙananan gonaki, amma matasan gari za su samu aiki. Dogo ya ƙi goyon baya a majalisa. Garin bai yafe mashi ba, zaɓe na gaba anka kada shi.

Akwai matar da ke gidan da ke fuskantar namu, ita ta ba ni gadon jariri lokacin da na haihu. Da na ga ta kafa allon abokin hamayyarsa a ƙofar gidanta, sai na daina gaishe ta, na hana yayanku zuwa wasa can. Washegarin faɗuwarsa na leƙa taga, sai ga Dogo yana share mata ganyen itace a ƙofar gida, don mijinta na ciwon baya. Da ya dawo na tare shi na ce, "Ita fa ɗayan ta zaɓa."

Ya ce, "Ɗanta ba shi da aiki, Hauwa. Da ni ne ita, ban san wa za ni zaɓa ba."

Na ji maganar, amma ba ta zauna mani ba. Da munka dawo gida, kawunku ya tsaya takarar kansila a nan Isa, aminiyata Hajiya Balki tana wancan ɓangare, sai munka ɓata. Ba gaisuwa, ba biki, ba suna. Kawunku da wanda ya kada shi ba su daɗe ba sunka haɗe a jam'iyya ɗaya suna cin tuwo a kwano ɗaya, mu muna nan muna gaba a kansu. Sai ranar rasuwar babanku ta shigo ta zauna kusa da ni ta riƙe hannuna. Har yau ina godiya ga Allah da ita ta fi ni hankali. Kin taɓa ce mani wataƙila wata rana ki shiga siyasa. Ban hana ki ba. Amma kada ki yi gaba da kowa a kan ƙuri'a, taki ko ta wani.

Dogo kuwa, bayan faɗuwarsa ya koma ofishinsa na saman shagon takalma. Sai wani tsohon alƙalin kotun yankin ya rasu, gwamna ya naɗa Dogo a gurbinsa, alhali gwamnan ma ba ɗan jam'iyyarsu ba ne. Na yi farin ciki, kuma ba za ni ɓoye maki ba, cikin farin cikin har da tunanin cewa yanzu muna da namu a kotu.

Kin san Lawali na Sabon Birni, mai gyaran injin ban ruwa. A lokacin saurayi ne, yana karatun injiniya a jami'ar su babanku, duk Juma'a a gidanmu yake cin abinci. Uwarsa ta sha aiko mani saƙo cewa ta bar mani amanarsa. Wata rana ya ari motar abokinsa ba shi da lasin tuƙi, hanya da santsi, ya bugi wata mata tana ƙetare titi. Tsoro ya kama shi ya gudu, sai washegari ya kai kansa wurin 'yan sanda. A dokarsu gudun ya fi bugun nauyi. Shari'ar ta faɗo gaban Dogo.

Na ce wa babanku mu hau sama mu yi mashi magana. Ya ce, "Kul. Nan ba a kamun ƙafa wurin alƙali. Ki bar lauyan yaron ya yi aikinsa." Na ce to. Amma a raina ina cewa wane irin zumunci ne wanda ba zai yi rana ba? Mutumen da ya ci ragon sunan ɗana, wanda na toya wa ƙosan zaɓe?

Ranar Asabar da hantsi babanku ya tafi duba wasu shanu. Na toya masa, na zuba a kwano, na hau matakala. Dogo da kansa ya buɗe ƙofa. Ya dubi kwanon, ya dubi fuskata, murmushinsa ya ɗauke. Ya ce, "Hauwa, in a kan wata shari'a kinka zo, ina roƙonki kada ki ambaci suna."

Na ambata. Na ce Lawali maraya ne, uwarsa da sana'ar ƙuli-ƙuli ta raine shi, saura kaɗan ya gama karatu, in anka ɗaure shi za a koro shi gida hannu wofi. Na yi ta magana ina kuka, yana ɗaga hannu in tsaya, ban tsaya ba. Da na gama sai ya zauna kan matakala. Ya ce, "Yanzu dole ranar Litinin in gaya wa kotu cewa wani na kusa da ni ya yi mani magana, in tsame hannuna. Wani alƙali zai ji ta." Na miƙa mashi kwanon. Ya ce, "Yau ba zai yiwu in karɓa ba." Na sauko da masata, kunya da fushi suna cina.

Haka ya yi. Bai ambaci sunana a kotu ba. Alƙalin da ya karɓi shari'ar kowa ya san shi da tsanani. Anka ɗaure Lawali na wasu watanni, da ya fito anka sa shi jirgi. Mu ma ba mu daɗe ba munka tattara. Ranar tafiyarmu Dogo da matarsa sunka kai mu filin jirgi, na yi masu sallama sama-sama, ban ko dube shi ba. Babanku ya ci gaba da aika mashi gaisuwa, ni ban taɓa sa baki ba. Da farko haushinsa nike ji. Da shekaru sunka tura, haushin ya juyo kaina. Na gaya wa Lawali abin da na yi tun tuni, ya ce ƙaddara ce. Amma duk ranar da na gan shi durƙushe cikin baƙin mai a bakin fadama, sai zuciyata ta ce da kin yi shiru da Dogo ya sassauta mashi, da yanzu babban injiniya ne.

Shi ya sa da kinka nuna mani tarihinsa a wayarki, ga shekarunsa na lauya, ga na majalisa, ga na alƙalanci har ya yi ritaya, kinka ce yana raye, ban nuna maki murna ba. Tsoro na ji.

Jiya bayan la'asar wayata ta yi ƙara, kiran bidiyo. Na fita tsakar gida inda sabis ya fi kamawa. Jikarsa ta gaishe ni, ta juya wayar. Rukayya, ya tsufa ƙwarai. Yana kan kujera mai taya, bargo a gwiwarsa, matarsa ta daɗe da rasuwa. Amma muryar tana nan. Ya ce, "Hauwa." Na amsa. Ya yi mani ta'aziyyar babanku, na yi mashi ta matarsa. Sai na tattaro Turancina da ya yi tsatsa na ce ya yafe mani, na ce ni na jawo wa yaron nan hukunci mai tsanani.

Sai ya ce, "Wa ya ce maki za ni sassauta? Na bi shari'ar har ƙarshenta. Abin da wancan alƙali ya yanke, shi za ni yanke. Wataƙila ma in ƙara, don kada a ce na san shi. Ba ki canza wa yaron komai ba. Ni kawai kinka raba da aiki mai ciwo, kuma na daɗe ina so in gaya maki."

Na zauna kan turmi. Ban san irin nauyin da nike ɗauke da shi ba sai da anka sauke.

Sannan ya ce, "Abu ɗaya ne ya dame ni ranar. Kin gaya mani labarin yaron da uwarsa da karatunsa, amma ba ki tambaye ni matar da ya buge ba."

Gaskiya ne. Duk shekarun nan ban taɓa tambaya ba, ko a zuciyata. Na ce, "Mi ya same ta?" Ya ce ƙugunta ya karye, ta daɗe kwance, amma ta tashi, ta koma aikinta na dafa abinci a makaranta, ta rayu har ta ga jikoki. Na ce alhamdu lillahi, na sake cewa, har jikarsa ta tambayi ma'anar kalmar.

Da safen nan na buga wa Lawali na gaya mashi. Ya ce, "Hajiya, ni tun a kotu na san abin da na aikata. Amma matar nan, kin tabbata ta yi tafiya da ƙafarta?" Na ce na tabbata. Na ji yana jan numfashi, ya ce bari ya kira ni anjima. Ashe shi abin da yake ɗauke da shi ke nan, ni ina can ina yi mashi kukan digiri.

Ɗiyata, ga abin da nike so ki riƙe. Duk inda aikin nan ya kai ki, 'yan uwa za su zo, kuma ba mugaye ba ne, irina ne. Za su zo da kuka da kwanon abinci da sunan babanku. Ki ba su wurin zama, ki ba su ruwa, ki nuna masu lauyan kirki, amma kada ki bari su faɗa maki abin da bai halatta ki ji ba. Ko ni ce na zo, ki tsayar da ni tun a ƙofa. Za ni yi fushi, fushin zai wuce. Kuma duk mai kuka a gabanki, ki tuna akwai wani a ɗaya ɓangaren wanda uwarsa ba ta san hanyar gidanki ba. Ki tambayi labarinsa.

Dogo ya ce garin da yake ba shi da nisa da jami'arku a jirgin ƙasa, yana jiranki. Ki je da wuri, kada ki ce sai hutu, mai shekarunsa ba a jinkirta mashi ziyara. Ki durƙusa ki gaishe shi yadda kike gaida kakanninki, ko da jikarsa za ta yi mamaki. Kada ki roƙe shi takardar shaida, kada ki roƙe shi ya haɗa ki da kowa. Ki zauna ki saurare shi kawai, tsofaffinsu ba su cika samun mai saurarensu ba.

Sauran ƙanana ne. Kukar miya da daddawar da na ƙulla maki, ki nuna wa jami'an filin jirgi da kanki, in sun karɓe ki bar masu. Kilishin da gwaggonki ta cusa a jakarki ku cinye shi a Abuja ke da yayanki. Ki sayi takalmin sanyi na kirki tun kafin ƙanƙara ta sauko. Rana tana gajarta a can har azahar da la'asar su kusa haɗewa, ki lura da lokutan sallarki. Ki gaida maƙwabtanki tun ranar farko, ko sun amsa ko ba su amsa ba.

Ni kada ki sa damuwata a ranki. An fara yankan gero a gonarmu ta Kamarawa, bana Allah ya ba mu damina kuma ya bar mu munka noma. Hajiya Balki ta ce za ta riƙa kwana nan har in saba da shirun ɗakinki. Na yi zaton za ni rubuta maki takardar nan da zuciya mai nauyi, sai ga shi ina rubutawa kamar wadda ta tashi daga doguwar jinya.

Allah ya tsare gabanki da bayanki, a sama da ƙasa. Ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da abin kunya. Ya sa gaskiya a bakinki ranar da faɗinta zai yi maki wuya. Ya jiƙan babanku, ya sa in ga dawowarki da idona. Na yafe maki duniya da lahira, ke ma ki yafe mani. Tafi lafiya, autata, na sallame ki da zuciya ɗaya.

Mahaifiyarki,
Inna Hauwa'u